Takalmin Mage

Tana sunkuye tana ɗaure igiyar takalminta ne ta lura da shi. Jan takalmin Mage, ɗaya daga cikin yaran gidan, yana zaune a raminsa ƙafa da ƙafa, baki a jere, har an cusa igiyoyin a ciki. Abin ya so ya ba ta dariya. Tunda ta zo gidan nan ba ta taɓa ganin takalman nan biyu a wuri ɗaya ba. Kullum ɗaya na kan kantar takalma, ɗaya na ƙarƙashin tebur ko cikin bokitin wanki. Ta ce a ranta, to, yau an shiryu ke nan. Ta saɓa jakarta a baya, ta ja ƙofar a hankali.

Kantar takalman nan ita ce idon gidan. Doguwa ce, tana jikin bangon bakin ƙofa, kowane yaro da raminsa. Tsakar gidan tsakuwa ce mai kaifi, ba yaron da ke fita ba takalmi. Saboda haka Mama, shugabar gidan, ba ta bin ɗaki ɗaki tana neman yara. Ido ɗaya za ta jefa wa kantar, in ta ga a cike, ta san kowa na ciki. Baba Kuku, mai dafa abinci kuma direban gidan, yakan ce ranar da aka tashi ƙiyama ma Mama takalma za ta fara dubawa kafin ta gaida mala'iku.

Ita kuwa mai jakar nan baƙuwa ce a ƙasar. Bayan ta gama jami'a cocinsu ya turo ta aikin sa kai a wannan gidan renon yara da wani coci ke riƙe da shi, ta yi 'yan watanni ta koma. Wanke-wanke, wankan ƙanana, koya karatu, riƙe littafin waƙa a sujadar safe, duk tana yi ba tare da an ji muryarta ba. Yaran suka sa mata Anti Shiru, sunan ya bi ta har bakin fasto. Yaren ƙasar ma kaɗan ta tsinta, na gaisuwa da na roƙo da na hana yaro ɓarna.

Yanzu zamanta ya kusa ƙarewa, kuma ba ta taɓa wuce kasuwar unguwa ba. Yayanta ne ya tasa ta a gaba a waya.

"Ke yanzu a ce kin hau jirgi kin tsallaka ƙasashe, hoton da za ki turo mana sai na tukwane da igiyar shanya? Mamanmu ta nuna wa mutanen coci hotonki, suka ce ai wannan bayan gidanmu ne."

"Yaya, ba ni da lokaci ne."

"Tsoro dai. Ki ce tsoro kawai mu huta."

Shi ya sa jiya ta jawo jakar da ta zo da ita daga ƙarƙashin gado, ta kaɗe ƙura, ta sa gorar ruwa da mataji da 'yar laima. Yau ranar hutunta ce, za ta je tsohuwar hasumiyar da ke kan tudu a ƙetaren kogi, wadda duk baƙon da ya zo garin sai ya hau.

Ta wuce gidan burodi da shagon aski, ta hau gada. Tun a kan gadar ta fara jin kamar da ido a bayanta. Ta waiga. Mata biyu da kwando, mai keke, sai wani dogon mutum da ya rataya kwat a kafaɗa yana tafe a hankali. Ta ƙara sauri.

Daga gada hanyar ta tsuke, ta zama lungu mai hawa, gidaje sun matse shi hagu da dama, tagogi duk a rufe. A nan ta fara jin sawun. Ba ƙarar takalmi ba ce, wani taf-taf ne mai laushi, kamar ana buga tafin hannu a kan dutse. In ta tsaya, ya tsaya. In ta tafi, ya biyo. Maganar mahaifiyarta ta ranar tafiya ta faɗo mata: "Ko da rana tsaka, kada ki bi lungu ke kaɗai." Ta sake waigawa, ba kowa, sai can ƙasa kan mai kwat ɗin nan ya ɓullo daga kwana. Ba ta yi gudu ba, don kunya ba za ta bar ta ta yi gudu a gaban mutane ba ko da mutuwa ce ta biyo ta, amma tafiyar da ta yi ƙanwar gudu ce.

A gindin hasumiyar wani tsoho mai tikiti yana zaune a ƙaramin ɗaki, rediyo na magana a gefensa.

"Sannu, baƙuwa. Irin wannan haki tun ba a fara hawa ba? Ki bar saura, saman da nisa."

Ta yi murmushin dole, ta karɓi tikitin, ta shige.

Matakalar murɗaɗɗiya ce, duhu, sai 'yan tsagu a bango da ke shigo da haske kamar zare. Igiya aka ɗaura a jikin bango don riƙewa, ta yi santsi saboda hannuwa. Tana hawa tana jin numfashinta, sai ta gane numfashin ba nata ne kaɗai ba. Akwai wani a ƙasa da ita, gajere, mai sauri. Ta fara addu'a a zuci, kalmomin na cakuɗewa, ta riƙa tsallake matakala bibbiyu har gwiwarta ta bugi dutse. Ba ta tsaya ba sai da haske ya mare ta a fuska.

Saman fili ne zagayayye, an kewaye shi da katangar dutse da ba ta wuce ƙugu ba. Iska na kaɗawa da ƙarfi. Da ta ga mutane, wata mata mai faffaɗar hula da mijinta suna ɗaukar hoto, sai hankalinta ya ɗan kwanta. Ba a jima ba mai kwat ya fito daga ƙofar matakala yana haki, bai ko dube ta ba, ya nufi can gefe ya zaro abin hangen nesa yana kallon tsuntsaye. Kunya ta kama ta. Bawan Allah, ta ɗora masa laifin da bai sani ba.

Ta leƙa ƙasa sau ɗaya, kanta ya juya. Kogin ya koma kamar siririyar igiya, motoci kamar ƙwari. Ta ja baya, ta ɗaga wayarta don ta ɗauki hoton kanta ta rufe bakin Yaya. Ta gyara ɗankwali, ta daidaita fuska.

A cikin gilashin wayar, bayan kafaɗarta, wata 'yar yarinya na tsaye a kan katanga.

Rigar gidan ce a jikinta, shuɗiya mai farin wuya, iska na kaɗa ta. Ƙafafunta babu takalmi. Bayanta babu komai sai sarari.

Mage.

Anti Shiru ta ji zuciyarta ta tsinke ta faɗa wani wuri da ba ta san akwai shi a jikinta ba. Ihu ya taso mata har maƙogwaro, ta danne shi da haƙora.

Mage ba za ta wuce shekara shida ba. A tashar mota aka tsince ta, zaune a kan benci inda aka ce ta jira, kuma tun daga ranar ba wanda ya ji ta yi magana. Sunan ya same ta ne don ba a jin tafiyarta, ba kuma abin da ba ta hawa. A satin farko na Anti Shiru aka wayi gari yarinyar na kan tankin ruwa, Anti Shiru ta zabura za ta yi wajen, Mama ta cafke hannunta.

"Tsaya, 'yata. Wannan ba a yi mata tsawa, ba a yin kanta, ba a miƙa mata hannu. Duk wanda ya nufe ta, gaba take yi, ko mene ne a gaban. Wata baƙuwa irinki ta taɓa ƙwala mata kira tana kan rufin sito, ta yi tsalle, muka kwana asibiti da karyayyen hannu."

"To yaya ake yi, Mama?"

"A zauna a ƙasa, a juya mata baya, a kama wani aiki kamar ba a san da ita ba. Da kanta za ta zo."

A tsakar gida wannan abu ne mai sauƙi. Ita kanta ta sha yi. Takan zauna ta cire ɗankwali ta fara taje kai, can sai ta ji 'yan yatsu a gashinta, don Mage ba abin da take so kamar yi mata kitson da ba ya kamuwa. Amma tankin ruwa tsayin mutum biyu ne. Nan kuwa ko dutse aka saki sai an jira kafin a ji saukarsa.

A cikin sauran, mai hula ce ta fara gani. Ta ja numfashi da ƙarfi, ta damƙi hannun mijinta.

"Wayyo! Kai, dubi! 'Yar wa ce?"

Mage ta juya kai wajen muryar, ta ja ƙafa ɗaya baya. Dunduniyarta ta leƙa bakin dutsen.

Mai kwat ya yar da abin hangensa, ya taho da dogayen ƙafafunsa, hannu a miƙe. Anti Shiru ba ta san lokacin da ta sha gabansa ba. Ita da ko mai burodi ba ta iya kallo cikin ido, sai ga ta ta cukwikwiye rigar namijin da ba ta sani ba da hannu biyu.

"Don Allah, a'a," ta ce ƙasa-ƙasa, da ɗan yaren da ta iya. "Kada ka je. Za ta yi tsalle."

"Ke, sake ni! Faɗuwa za ta yi!"

"In ka je ne za ta faɗi. Na san ta. 'Yar gidanmu ce. Don girman Allah ka juya baya."

"In juya me?"

"Baya. Dukanku. Kada ku kalle ta."

Ya dube ta kamar mahaukaciya. Mijin mai hula ya ce, "Wannan ai ganganci ne, a kira 'yan sanda." Matarsa ta toshe bakinta da hular. Ko me mai kwat ya gani a fuskarta, Allah ne masani, amma hannunsa ya sauka. A hankali ya juya. Sauran biyun suka bi shi, matar na kuka ba sauti.

Saura ita.

Ta taka zuwa tsakiyar filin, nesa da katanga yadda dole sai Mage ta sauko kafin ta taɓa ta. Ta sauke jakar, ta zauna a kan dutse mai sanyi, ta juya wa yarinyar baya. A rayuwarta ba ta taɓa yin abu mai wuyar wannan ba. Duk wata gaɓa ta jikinta na ce mata waiga. Wayar na hannunta, da ta ɗan karkata ta za ta ga bayanta a gilashi, amma Mage ta fi kowa gane mai kallonta a sace. Ta kife wayar a ƙasa.

Ta kwance ɗankwali. Ta lalubo mataji, ya suɓuce, ta sake ɗauka. Ta fara warware kitsonta ɗaya bayan ɗaya. Ta soma rera waƙar sujadar safe da hanci, muryar na tsinkewa tana ƙullawa.

Shiru a bayanta. Iska kawai.

Idan ta faɗi fa, za ta yi ƙara? Yarinyar da ba ta magana, za ta yi ihu? Ko dai ta riga ta faɗi, ita tana nan zaune tana taje kai? Tunanin ya soke ta. Ta ga kanta tsaye gaban Mama, ta ga jan takalmin nan a raminsa ba mai sawa. Ya Yesu, ta ce a zuci, ba ni da wata dabara, ka riƙe mata ƙafa. Ta ci gaba da taje wuri ɗaya har fatar kanta ta yi zafi.

Sai wata hayaniya ta taso daga cikin matakala, can ƙasa. Dariya, tafi, muryoyin samari masu yawa suna kiran juna, suna gwada amsa-kuwwar bango. Suna hawowa. In suka ɓarko filin nan da wannan ihun, shi ke nan.

Ta ɗaga ido ta dubi mai kwat, wanda ke tsaye a karkace. Ta nuna masa ƙofar da haɓa. Ya gane. Ya cire takalmansa, ya bi gefe a hankali ba tare da ya dubi katanga ba, ya shige matakalar, ya jawo ƙofar. Ta ji muryarsa a ciki, ƙasa-ƙasa amma da kaifi. Hayaniyar ta ragu, ta ragu, ta mutu.

Gashin ya gama warwarewa, iska na watsa mata shi a fuska. Waƙar ta ƙare, ta sake ɗaukowa daga farko. Hawaye na bin haɓarta suna ɗiga a kan siket, ba ta share ba.

Ta ji wani ɗan sauti. Taf. Ba ta san ko sauka ce ciki ko wani abu ba ne.

Taf, taf.

Sannan wani abu mai ɗumi ya jingina da bayanta, 'yar gwiwa. 'Yan yatsu masu sanyi suka shiga gashinta, suka raba shi uku, suka fara murɗawa da ƙarfin nan na Mage mai sa ido ruwa.

Ko a nan ba ta juya ba. Ta bari sai da kitson ya yi nisa, sannan ta zura hannu ta baya a hankali, kamar mai sosa ƙafa, ta kama idon sawun yarinyar. Ta riƙe. Tafin ƙafar ya jiƙe, da ta duba yatsunta sai ta ga jini. Tun daga tsakuwar gida har lungun tudu, da wannan ƙafar aka biyo ta.

Mai hula ta zube a ƙasa tana kuka da dariya lokaci ɗaya. Mijinta ya cire gilashi yana gogewa da gefen riga, yana ta cewa, "To. To. To."

Da hannu ɗaya ta kira gida, ɗaya hannun na zagaye da cikin Mage.

"Mama, ni ce. Mage na wurina."

"Wace Mage? Ai tana ciki, 'yata. Ga takalminta nan ina kallo."

"Mama, takalmin ne a gida."

Sannan ta ji an ja kujera, ta ji Mama na kiran Baba Kuku da wata murya da ba ta taɓa ji ba.

Ta goya yarinyar da ɗankwalinta, ta ɗaure tamau, ta riƙe jakar a hannu. A matakala samarin suka manne da bango suka ba ta hanya, tsit. Mai kwat na biye da ita da takalmansa a hannu. Ta so ta ba shi haƙuri kan abin da bai san ta yi masa ba, ta dai rusuna masa. Shi ma ya rusuna.

Mai tikiti ya leƙo ta tagarsa.

"Af, ga ta nan. Ai na gan ta ta sulale bayanki, na ce 'yarki ce. Na ce uwa ta yi gaba da takalmi mai kyau, ta bar 'ya ba ko silifa."

Ta zauna a kan dakalinsa har motar gida ta iso.

Baba Kuku ya ja motar har suka haye gada. Can ya dubi madubi, ya ce, "Ke Mage, in yawon buɗe ido kike so ai sai ki faɗa, a kai ki a mota kamar manya." Muryarsa ta karye a ƙarshen maganar, ya kama tari.

Mama na tsaye a bakin ƙofa. Ba ta yi faɗa ba. Ta kawo ruwan ɗumi a roba, ta zaunar da yarinyar a kan benci kusa da kantar takalma, ta durƙusa da kanta tana cire 'yan tsakuwa daga tafin ƙafar. Anti Shiru ta cire takalminta ta ajiye a ƙasan kantar inda manya ke ajiyewa, ta tsuguna tana riƙe da auduga.

"Laifina ne, Mama. Na ga takalmin a jere da safe. Ya kamata in gane."

"Ni na koya mata, 'yata. Ta san takalmi nake dubawa, shi ya sa ta jera mini." Mama ta matse tsumma. "Jakar nan ce. Jiya ta ga kin fito da ita?"

"Tana ɗakin."

"Wadda ta bar ta a tasha ma jaka ce a bayanta, in ji masu shagon wurin."

Anti Shiru ta dubi jakar da ke yashe a bakin ƙofa.

"Mama, to ranar da zan tafi da gaske fa?"

Mama ta ɗaure bandejin, ta shafa kan yarinyar, ba ta ɗago ba. "Mu gama da ƙafar tukuna."

Daga ɗakin cin abinci aka fara waƙar godiya kafin abincin rana, Baba Kuku na jan baƙi da muryarsa mai kama da tsohuwar mota. Mage ta zamo daga kan benci. Ta tsaya a kan ƙafafunta masu farin bandeji, ta ɗingisa ta wuce jan takalminta ko kallo ba ta yi masa ba. Ta sunkuya ta ɗauki takalman Anti Shiru duka biyu, da ƙurar tudu a jikinsu, ta rungume su a ƙirji, ta bi dogon baranda ta shige ciki.